Lodin da Ya Ɓace wa Injiniya Yosuwa

Sunan babana Yosuwa, amma a Arlit ba mai kiransa da shi sai fastonmu. Kowa Injiniya yake ce masa. Mutumin Maradi ne, ɗan mai haƙar rijiya. Kakana ya so ya gaje shi, sai wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya ga yaron yana da kan lissafi, ya matsa har aka bar shi ya ci gaba da karatu. A Yamai ya koyi aikin hanya da gada da magudanar ruwa. A 1986 ya hau kamiyo, babbar motar kaya, ya zo arewa, shi da Innarmu Liya da akwatin ƙarfe ɗaya. Bayan shekara biyu aka haife ni. Ni ce Jamima, 'yarsu ta fari, a nan nake koyarwa har yau.

Aikinsa na farko a wurin wani ɗan kwangila ne, wanda aka ba gyaran hanyoyin unguwarmu. A lokacin unguwar rairayi ce zalla. Motar ruwa ba ta shiga, in ta shiga sai ta kafe. Mace in naƙuda ta tsananta, a kan tabarma ake ɗauko ta zuwa bakin titi. Tsakuwar kirki tana da nisa, amma a bayan gari akwai tulin fasasshen dutse da ake fitarwa daga ramin yuraniyom, wanda aka ce ba komai a cikinsa, shara ne, kowa na iya ɗiba. Baba ya ɗebo, ya gwada shi yadda aka koya masa. Ya jiƙa, ya daddaɓe, ya sa kamiyo mai kaya ta bi ta kai. Dutsen ya zauna daram. Ba shi da abin auna abin da ido ba ya gani, ba kuma wanda ya ce masa akwai abin aunawa.

Lodi arba'in da ɗaya aka ɗauko. Baba mutum ne mai rubuta komai a kaye, wato littafin rubutu, don haka ya riƙa rubuta inda ake sauke su. Talatin da shida sun tafi kan hanyoyi. Da aiki ya ƙare, mutane suka yi ta roƙon ragowar. Ya ba ƙofar majami'armu biyu, ya ba masallacin Katsinawan kasuwa ɗaya, ya kawo ɗaya tsakar gidanmu don Inna ta huta da rairayi. An yi ta sa masa albarka. Tsofaffi har yau suna ce wa babbar hanyar unguwar Hanyar Injiniya.

Daga nan sunansa ya fita. Ya yi ƙananan gadoji a hanyar Agadas. Ya zuba gindin babban tankin ruwa. Ya gina bangon da ke karkatar da ambaliya in ruwa ya gangaro daga duwatsu, abin da ba ya faruwa sai shekara-shekara, amma in ya faru ba ya barin gida tsaye. Ba a taɓa cewa wani abu da ya gina ya faɗi ba. A shekarun nan mutum ne mai raha. Yana rera waƙa da babbar murya a majami'a ko da bai iya ba, yana kuma tsokanar Inna a kan tuwonta.

Wata Lahadi a 2009, mun fito daga sujada, sai muka tarar da baƙi uku a ƙofa, ɗayansu yana riƙe da wata na'ura kamar ƙaramar rediyo. Yana tafiya a hankali, yana kusa da ita ƙasa. Tana ɗan ƙara jefi-jefi, ƙas, ƙas. Da ya taka dandamalin ƙofar majami'a, sai ƙarar ta haɗe ta zama ɗaya, kamar ana soya gyaɗa a kasko. Mata suka yi dariya, suka ce abin ya ji waƙarmu. Na juya don mu yi dariyar da Baba, sai na ga bakinsa a buɗe, Littafinsa Mai Tsarki ya faɗi ƙasa bai ma sani ba.

Ya matsa ya yi magana da mutumin da Faransanci. Na ji abin da mutumin ya ce. Dutsen nan yana fitar da wani tururi da ba a gani, ba a jin warinsa. A fili da sauƙi. A cikin ɗaki kuwa, in mutum ya yi shekaru yana shaƙa, yana iya cin huhunsa.

Washegari Baba ya aro na'urar ya shigo da ita gida. Tun daga zaure ta fara. A tsakar gida, daidai inda Inna take daka da wanki, inda na yi rarrafe ni da ƙannena, ta yi wannan ƙarar ta kasko. Ya zauna a ƙasa, sai kuma ya zabura ya miƙe kamar wanda ya zauna kan garwashi.

"Liya, kwashe yara ku tafi gidan fasto," in ji shi.

"Tukunyata na kan wuta."

"Bar ta. Don Allah ku fita."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Kwana uku ya yi da shebur shi kaɗai yana haƙe tsakar gidanmu, bai yarda kowa ya taya shi ba.

Bayan haka ya ɗauki tsohon kayensa ya tafi wurin hukuma, ya roƙi a ba shi aikin kwashe dutsen. Aka ba shi, don ba wanda ya san wuraren kamarsa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a kai. Yau akwai katafila, gobe an janye ta zuwa wani aiki. Wani wurin an zuba gudoro, wato kwalta, a kai, wani an gina shago. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya haƙe, ya mayar da dutsen inda ya fito, ya cike da tsakuwa mai kyau. A takardun da yake kaiwa buro, wato ofis, yakan rubuta "dutsen da aka shimfiɗa a 1987". Bai taɓa rubuta wanda ya shimfiɗa ba. Tsofaffin unguwa sun sani, amma ba su ɗauke shi laifi ba. Samarin injiniyoyi kuwa ba su sani ba sam.

Waƙa ta bar bakinsa. In muna tafiya a gari sai ki ga idonsa a ƙasa, yana duba kowane dutse mai ruwan toka. In an gayyace shi suna ko biki, yakan tsaya a ƙofar gidan ya daɗe kafin ya shiga.

A 2015 Inna ta fara tari. Daga tari sai rama, daga rama sai aka ce mu kai ta Yamai. Wata bakwai ta yi. Ina tsaye a wurin lokacin da Baba ya tare likita a baranda ya tambaye shi ko dutsen ne. Likitan ya ce ba zai iya cewa shi ne ba, ba kuma zai iya cewa ba shi ba ne. Matar da ta yi shekara talatin tana girki da itace tana iya kamuwa da irin wannan. Baba ya gyaɗa kai ya yi godiya. Da likitan ya ce e, ina jin da ya fi masa sauƙi.

Bayan mun binne ta ne ya nuna mini shafin kayen da ya rubuta lodin. Ya ce in ƙirga. Na ƙirga lodin da aka ɗauko, arba'in da ɗaya. Na ƙirga wuraren da aka sauke, arba'in. A gaban na ƙarshe ba komai sai sunan direba, Ahmudu.

"Yana wani wuri a garin nan," in ji Baba. "Na bi kowace hanya da na'ura, ba ya kan hanya. To yana cikin gida ke nan. Wani yana kwana a kansa, Jamima."

Ahmudu ya bar Arlit tun da daɗewa. Wasu sun ce yana Aljeriya, wasu sun ce ya rasu. Na ce wa Baba ya faɗa a rediyo. Ya ce in ya faɗa, duk wanda ya rasa ɗa ko uwa a garin nan zai zo ƙofarmu, kuma bai san me zai ce musu ba. Tsoro biyu ne suka riƙe shi, na yin shiru da na yin magana, ya kasa zaɓen ɗaya. Haka ya yi ritaya da abin a cikinsa.

Bara, cikin watan Oktoba, Dassin ta zo gidanmu da rana. Injiniya ce, Buzuwa, a hannun Baba ta fara aiki, yanzu ita ce sakatariyar ƙungiyar injiniyoyin jihar. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa ambulan tana murmushi. Ƙungiyar ta zaɓe shi don lambar yabo ta aikin rayuwa. Za a zo har Arlit a ba shi, ranar Asabar ta sama, gaban abokan aiki daga Agadas da Tawa da Yamai.

Ya karanta takardar.

"Saboda me?" ya tambaye ta.

"Saboda gadoji, Baba, da bangon ambaliya. Amma abin da ya fi, saboda kai ka tsabtace hanyoyin garin nan."

"Ku ba wani."

Ta yi dariya, ta ɗauka tawali'u ne. Ta ce ai an riga an buga sunansa a jikin allon lambar yabon. Ta ce ma tana da abin mamaki da ta so ta ɓoye, amma ba za ta iya ba. Ta bi sawun tsofaffin da suka yi aiki da shi don ta gayyace su, har ta samo direbansa na farko. Ya dawo daga Aljeriya, yana zaune wurin ɗansa a Cirozerin, wani gari kusa da Agadas.

"Wane direba?"

"Ahmudu."

Baba ya ajiye takardar a kan tabarma, ya dafa bango. Dassin ta dube ni, ni kuma na rasa inda zan sa idona. Da ta tafi, ya ce in nemi izini a lakwal, gobe za mu hau mota.

Hanyar ta lalace, wuni guda muka yi. Baba bai ci komai ba. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya riƙe jakar da na'urar take ciki, wadda ya saya tun shekarun aikin. A wani wuri ya ce mini, "Wataƙila ya zubar a daji." Can gaba ya sake cewa, "Direbobi sukan yi haka in sun gaji." Na san ba ni yake faɗa wa ba.

Mun sami Ahmudu da safe a ƙarƙashin rumfa, kusa da hanyar da kamiyoyin gawayi ke bi. Ya tsufa, ido ɗaya ya mutu, amma ya gane Baba tun daga murya. Ya rungume shi, ya sa a dafa shayi. Baba bai iya jiran kofi na farko ba.

"Ahmudu, lodin ƙarshe na hanyar unguwa. Ina ka kai shi?"

Tsohon ya yi dariyar kunya. Hausarsa irin ta Buzayen da ba su damu da namiji ko mace ba ce. "Shef, maigidana, shekara nawa, yanzu za ka kama ni? Na ba 'Yargata. Matan nan mai abinci na bayan tasha. Mijinshi ya mutu, yana da yara, yana son gina ɗaki. Kullum shi yake ba mu tuwo, ko muna da abin ba shi ko babu."

"Ɗaki," in ji Baba.

"Ɗaki mai kyau. Ya sa a ƙasa, ya sa a gindin bango. Saura aka daka cikin tubali."

Baba ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Ni na yi wa Ahmudu bayani. Ina magana dariyar tana barin fuskarsa, har ya ja rawaninsa ya rufe baki.

"Na kashe shi ke nan?" ya tambaya.

"Ba kai ba ne," in ji Baba. "Ni na ce dutsen yana da kyau."

Mun dawo Arlit ranar Alhamis. Juma'a da hantsi muka hau kabu-kabu biyu zuwa bayan tsohuwar tasha. Ba mu sha wuyar nema ba, kowa ya san gidan 'Yargata. Tana raye. Mun same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, tsohuwa siririya mai kaifin ido, Ba'adara daga wajen Tawa. Na yi sallama na shiga, na ce babana Injiniya yana son magana da ita. Ta ce ya shigo, ai ta san shi, wa bai san mai Hanyar Injiniya ba.

Baba ya gaishe ta, ya roƙi izinin auna gidan. Ta ɗaga kafaɗa. A tsakar gida na'urar ba ta ce komai ba sai ƙas ɗaya-ɗaya. Ya bi ɗakunan siminti biyu na gaba, shiru. Sai ya juya ga wani tsohon ɗakin ƙasa a lungu, mai ƙaramar taga da aka toshe da tsumma. Taku uku kafin ƙofar, ƙarar ta fara haɗewa. A bakin labule ta zama abin da na ji a ƙofar majami'a, har ta fi. Daga ciki kuma sai jariri ya fara kuka.

Baba ya tsaya cak.

"Hajiya, wa ke ciki?"

"Jikata ce. Kwananta tara da haihuwa."

"A nan take kwana?"

"A nan za ta yi arba'in. Duk 'ya'yana mata da jikokina nan suke jego. Ɗakin ya fi riƙe ɗumi. In ba mai jego, ni ke kwana ciki."

"Don Allah a fito da su. Yanzu."

Ta ajiye faifan shinkafar. "Kai, Injiniya, mai jego ba ta yawo. Mene ne wannan abin naka ke wa ihu?"

Na buɗe baki zan yi bayani, sai ya ɗaga mini hannu. Ya durƙusa a gabanta, mutum mai shekara sittin da biyar, ya faɗa mata komai. Ya ce dutsen da Ahmudu ya kawo mata daga shantiyensa, wurin aikin hanyar nan, ya fito. Ya ce shi ya gwada shi ya ce yana da kyau. Ya ce shekara goma sha huɗu ya san akwai lodin da ya ɓace, kuma tsoro ya hana shi yin shela.

Ta dube shi.

"Shekara talatin da shida nake cikin ɗakin nan, ga ni ban mutu ba," in ji ta.

"Wani yakan tsira, Hajiya. Wani ba ya tsira."

"Ɗana Bashar a nan ya girma. Ciwon ƙirji ya kashe shi yana da talatin da ɗaya, bai taɓa shan taba ba. Wannan ne?"

"Ban sani ba."

"Kai ne injiniya."

"Ban sani ba, Hajiya. Ba wanda zai iya faɗa miki."

Na ɗauka za ta yi kururuwa ta tara mana unguwa. Ina jin motsin mutane a bayan katanga, ranar Juma'a ce, maza suna shirin masallaci. Na riga na duba inda ƙofa take. Amma sai ta miƙe, ta ɗaga labule ta shiga, ta fito da jaririyar a naɗe, uwar tana biye da ita a tsorace. Ta tsaya a tsakiyar rana tana waige-waige. Sauran ɗakunan cike suke da surukai da yara.

"Ku kawo su gidanmu," na ce. "Ɗakin Innata ba kowa a ciki."

Ta dube ni sama da ƙasa. "An auna shi?"

"Ya fi sau ɗari," in ji Baba.

Kafin la'asar mai jego tana ɗakin Inna, da tukunyar wankanta da ƙanwar uwarta. 'Yargata ba ta ƙara yi wa Baba magana ba ranar nan.

Asabar da safe ya sa farar rigarsa. Ni na ɗaura masa maɓalli. Ya ce in an kore shi daga zauren kada in yi gardama da kowa, in kama hannunsa mu fito. Ya ce wataƙila a kai shi kotu, kuma in an kai shi daidai ne.

Zauren ya cika, mutum kamar saba'in. Dassin ta karanta tarihinsa, gada bayan gada. Da ta zo kan shekara goma sha ɗaya na kwashe dutse, aka tashi tsaye ana tafi. Shugaban ƙungiyar ya ɗauko allon. Baba ya hau dandamali, amma bai miƙa hannu ba. Ya matsa gaban makirufo.

"Kafin ku ba ni, ku ji wannan. Dutsen da na kwashe, ni na shimfiɗa shi."

Ya faɗi shekarar, ya faɗi yawan lodin. Ya faɗi Inna. Ya faɗi ɗakin bayan tasha da jaririya mai kwana tara. Ya ce abin da ya yi a 1987 rashin sani ne, amma shirun da ya yi daga 2009 ba rashin sani ba ne. Da ya gama sai ya tsaya, hannuwa a gefe, kamar ɗalibin da ke jiran bulala.

Ba wanda ya motsa. Ina jin fanka tana juyawa. Shugaban yana riƙe da allon bai san inda zai kai shi ba. Dassin ta sunkuyar da kai.

Sai wani tsoho ya miƙe daga layi na biyu, yana dogara sanda. Shi ma injiniya ne, daga Yamai ya zo, ya yi aiki a Arlit kafin Baba. Na ce a raina, to ga wanda zai fara zagin.

"Yosuwa," in ji shi, "kai ka rubuta naka. Ni ban rubuta ba. A 1983 na ba mutane lodi uku a wata unguwa. Na tuna wuri ɗaya, biyu na manta."

Ya zauna. Wani ya miƙe a baya, ya ce shi ya san maginin da ya yi tubali da irin dutsen. Wata mata ta ce mahaifinta ya cika ramin gidansu da shi. Dassin ta juya takardar jawabinta ta fara rubutu a baya. Kafin a tashi, wuri bakwai ta rubuta.

Na dubi Baba. Na zaci zai ji sauƙi da ya ga ba shi kaɗai ba ne. Amma sai damuwa ta ƙaru a fuskarsa. Shekaru yana jin tsoron ɗaki ɗaya, yau an ba shi bakwai.

Shugaban ya gyara murya, ya ce ƙungiya ba ta janye ba, ya tambaya ko akwai mai ja. Ba wanda ya ɗaga hannu. Aka danƙa wa Baba allon. Tafin bai kai na farko ƙarfi ba, amma da aka fito, mutane sun yi layi suna riƙe hannunsa.

Ranar Talata aka rushe ɗakin 'Yargata. Injiniyoyi tara suka ɗage tafiyarsu, suka zo da shebur da ƙyallen rufe hanci, har da tsohon mai sanda, wanda ya zauna a inuwa yana ba da umarnin da ba wanda ya roƙa. Cikin wata ɗaya aka gina mata sabo, mai taga biyu. An kai mutanen gidan Agadas an duba su. Likita ya ce bai ga komai ba yanzu, su riƙa zuwa kowace shekara. A cikin wurare bakwai ɗin, Baba da Dassin sun sami huɗu. Biyu na'ura ta yi shiru a kansu, biyu an haƙe. Uku har yau ana cigiya, amma yanzu a rediyo ake yi, da muryar Baba.

Ranar da mai jego ta cika arba'in, 'Yargata ta zo da kanta ta ɗauke su. Ta yi mini godiya, ta kawo mini turaren wuta. Baba yana zaure, ya miƙe da ta zo wucewa. Ta tsaya, ba ta dube shi ba.

"Injiniya, ban yafe maka ba, ban kuma ce ba zan yafe ba," in ji ta. "Bari yarinyar nan ta taka ƙasa da ƙafarta tukuna, in gani."

Yarinyar yanzu wata goma sha ɗaya gare ta. Ina biyawa ta gidan duk Laraba in na taso daga lakwal, don Baba ba ya iya shiga. Yakan jira ni a zaurenmu, ya tambaye ni ko tana tari, ko tana cin abinci, ko ta yi nauyi. Makon jiya na gaya masa ta kama gindin turmi ta miƙe tsaye, ta saki hannu ɗaya, sannan ta zauna daɓas ta yi dariya.